Ranar da Aka Ji Maikuɗi a Tsallake

"Ni Maikuɗi, ɗan Basarke jikan Basarke, in na taɓa jita a Yelwa, kihin da ke Warra sai ya ɗago kai shi saurara!"

Haka yake buɗe baki kowace safiya a teburin mai shayi na bakin kasuwar kifi, tun kafin a zuba masa madara. Abokina, da ka gan shi da ka ce wani abu ne. Gilashi baƙi ko da hadari ya rufe gari, jar jita rataye a baya, ga tafiya ta wanda ƙasa ba ta isa ya taka ta da kyau ba. Shi ya raɗa wa kansa Tsawar Yauri. Mutanen teburin shayi kuwa, da ya ba da baya, Gwangwani suke ce masa.

Maganar Allah, Basarke ne. Marigayi mahaifinsa masunci ne na ji da faɗi, kakansa ma haka. Sai dai akwai wani abu da Maikuɗi ya binne tun yana yaro, wanda daga shi sai Innarsa suka sani: bai iya ruwa ba. Ko a wanka, in kumfa ta shiga idonsa sai ya yi salati. Amma je ka ji shi a teburin shayi. Shi ne ya taɓa ƙetare Kwara da iyo riƙe da rake a baki, shi ne kada ya gani ya canza hanya. In aka ce to a je bakin ruwa a gwada, nan take mura ta kama shi.

Kayan sana'arsa ba su da yawa. Jita, da lasifika mai caji, da wani ɗan akwati baƙi da bai fi tafin hannu ba, mai cin batirin tocila. Shi wannan akwatin ana jona shi ne tsakanin jita da lasifika, ya riƙa sauya wa jitar murya, yau ta yi zaƙi, gobe ta yi kauri. Da shi yake kiɗan suna da na kamu, kuma tsakani da Allah ba laifi, ana rawa, ana ba shi shinkafa da kai na kifi.

Ana nan sai Hajiya Tabawa ta aiko a kira shi. Duk wanda ya san bikin bakin ruwa ya san Tabawa. Ita ce uwar biki daga Yelwa har tsibiran cikin tafki, waɗanda ake ce wa gungu, ita ke cewa wane zai dafa, wane zai yi kiɗa, kuma in ta juya maka baya, to sai dai ka yi wa kajin gidanku kiɗa.

"Maikuɗi," ta ce, tana ɓare goro, "za mu kai amarya Gungun Ɗorawa ran Lahadi. Ka san al'ada. Jirgin makaɗa shi ka gaba, kuma sai mutanen gungu sun ji kiɗi tun muna tsakiyar ruwa, mata su hito bakin gaɓa da guɗa. In amarya ta iso babu kowa a gaɓa, an ci mutuncinmu ke nan."

"Hajiya, ai an gama."

"Ba a gama ba. Kalangun Surajo shi ka yi muna wanga aiki tun ina budurwa. Yaran zamani sunka dame ni wai jita suka so. To zan gwada ka. In an ji ka a tsallake, duk bukukuwan bana naka na. In ba a ji ka ba, kar in sake ganin wagga jar tsiyar a gidan bikina."

Maikuɗi ya bugi ƙirji har sai da ya yi tari. "Tsallake kaɗai, Hajiya? Ki aika Shanga ki ce su toshe kunne!"

Ya fito yana taku ɗai-ɗai. Amma da ya isa gida ya dubi ɗan akwatinsa, sai ya ga ya ƙara ƙanƙancewa. Wannan ɗan warangin ne zai ƙetare ruwa da murya? Warangi, in ba ka sani ba, ɗan mitsitsin kifin nan ne da ake aunawa a kwano. Nan fa zuciyarsa ta tafi shagon Almustapha.

Shi Almustapha dillalin tsofaffin kayan sauti ne a bayan tasha, kuma akwai wata na'ura da ta daɗe a kantarsa tana shan ƙura. Tsawonta ya kai tabarmar salla a naɗe, ga gilashi mai haske kamar na waya, ga fitilu ja da kore, ga maɓallan ƙarfe jere waɗanda da ƙafa ake taka su. Maikuɗi ya daɗe yana zuwa gaishe ta. Har suna ya sa mata, Giwan Ruwa.

"Wagga," in ji Almustapha yana shafa ta, "babu injin kiɗin da ba ta kwaikwayon muryarshi. Na Turai, na Amurka, duk suna cikinta. Makirufo ma jona mata aka. Tana da ganga a ciki. In kat taka nan, ta ɗauki abin da kay yi ta yi ta maimaitawa. Ta hi taka ƙarhi nesa ba kusa ba."

Duk bayanin nan, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Maikuɗi. Ƙarfi.

Amma fa bai saya nan take ba, don kar ka ce ba shi da tunani. Ya shiga shawara, irin wadda ko mai neman aure bai yi ba. Da safe ya ce zai ɗauka, da azahar ya ce ƙaramar ma ai ba ta taɓa ba shi kunya ba, da la'asar a gan shi a ƙofar shagon Almustapha yana leƙe. Ya kai maganar teburin shayi, teburi ya rabu biyu. Masu hankali suka ce ya riƙe abin da hannunsa ya saba da shi. 'Yan son kallo suka ce haba Tsawa, ina tsawa ina ɗan akwatin ashana? Kuma ka san su wa ya saurara.

Ya je wa Inna da zancen, tana tsugune gaban bandarta tana juya tarwaɗa cikin hayaƙi.

"Wagga ƙaramar mi tay yi maka?" ta tambaya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ba ta yi komi ba, Inna. Girmana na ya wuce ta."

"Girmanka. To. Da ita kaka ci, da ita kaka sha. In tuwo bai ishe ka ba, ba a sake tukunya a ranar baƙi."

"Inna, ke kin san banda, ni na san kiɗi."

"Na san wani abu kuma," ta ce, ta dube shi ta cikin hayaƙi. "A jirgi za a yi wanga kiɗin. Ka zauna wuri guda, ka riƙe katako."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya fita yana fito.

Abin da ya yanke shawarar ba wani abu ba ne illa labarin da ya iso teburin shayi cewa Surajo ya sake wa kalangunsa fata, wai ko da za a neme shi. Maikuɗi ya ajiye kofi ko rabi bai sha ba. Ya kwashi ɗan akwatinsa, ya nufi bayan tasha. Almustapha ya juya akwatin, ya taɓe baki, ya ce wannan kaɗai ba ta isa musaya ba, sai dai in za a haɗa da lasifikar.

"Ɗauka!" in ji Maikuɗi. "Mai Giwan Ruwa mi zai yi da lasihika?"

Almustapha ya buɗe baki. "Ai ƙarhin da nika nuhi..."

"Kai, kada kaka koya ma iyo? Naɗe min kayana!"

Almustapha ya rufe bakinsa. Ɗan kasuwa ne, ba malamin makaranta ba.

Aka ɗora Giwa a bayan babur, Maikuɗi ya sa ɗan acaɓa ya bi ta kasuwar kifi har zagaye biyu don kowa ya gani. A gida ya jira aka kawo wuta, ya jona, fitilu suka kama, gilashi ya haskaka. Ya tara maƙwabta a tsakar gida, ya ce masu ciwon zuciya su matsa baya. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu sama, ya sauke shi kan wayoyin jita da dukkan ƙarfinsa.

Tsirin.

Wallahi sauro ya fi ta amo. Ya murɗa wannan, ya taka wancan, fitilu suna ta rawa, sauti kuwa babu. Wata maƙwabciya ta ce ko dai sai an yi mata sallama? Ashe ita Giwa ƙarfinta a ƙwaƙwalwa yake. Ta san muryoyi iri-iri, amma ba ta da maƙogwaro ko ɗaya. Maƙogwaron shi ne lasifikar da ya bayar da hannunsa.

Ya koma shago a guje. Almustapha ya ce ayya, lasifika ai tuni wani mai tallan atamfa ya ɗaure ta a babur ya yi Shanga da ita, ƙaramin akwatin ma ya bi ta.

Wani zai ce a nan mutum zai saduda, ya je ya ba Hajiya haƙuri. Ba Gwangwani ba. Ya ce ai dama lasifikar ta yi wa Giwa kaɗan. Ya je wurin Ɗanjuma mai maganin basir, wanda ke yawo da ƙahonnin lasifika biyu a kan mota ranar kasuwa, ya aro ƙahonnin da injinsu. Ko da aka sauko da su sai ga hoton abin da maganin ke warkarwa an zana a jikinsu da jan fenti. Maikuɗi ya ce ba komai, murya ake so ba fuska ba. Sai kuma ya tuna Giwa ba ta cin batirin tocila, kuma ba a ja wayar lantarki zuwa tsakiyar tafki. Ya je ya lallashi mai askin unguwa ya ba shi aron janareto. Lokacin gwaji kuwa bai samu ba, don duk ranar Asabar a yawon aro ta ƙare.

Ran Lahadi da hantsi bakin ruwa ya cika. Jirgin amarya an yi masa ado da zannuwa, Tabawa na ciki a gaba kamar tuta, mata sun cika shi maƙil. Inna ba ta nan, tun jiya ta ƙetara gungun don taya girki, can ne garin iyayenta. Jirgin makaɗa kuwa ɗan siriri ne, matuƙinsa Sa'idu, mutum mara son magana. Ya tsaya yana kallo ana loda janareto, da ƙahonni, da Giwa, da wata gora da Maikuɗi ya ɗaure makirufo a kanta ya kafa a tsakiyar jirgi.

"Kiɗi za mu ko ƙaura?" in ji Sa'idu.

"Tuƙa kai dai."

"To. A jirgi zaune aka kiɗi."

"Ni za ka gaya ma jirgi? A cikin jirgi anka yanke min cibiya!"

Ya shiga da ƙafar dama yana murmushi, hannunsa na hagu kuwa ya damƙi katako har jijiyoyi suka fito. Aka tayar da inji. Tun da aka bar gaɓa idonsa na kan tafin ƙafarsa, leɓɓansa na motsi. Wanda bai sani ba sai ya ce waƙa yake haddacewa.

Da itatuwan Gungun Ɗorawa suka bayyana, aka kashe injinan jirage kamar yadda aka saba, don kiɗa ya samu hanya. Rani ne, ruwa ya ja baya, Sa'idu ya ajiye filafilin tuƙi ya ɗauki gora yana dogarawa a ƙasa. Maikuɗi bai lura da wannan ba, shi dai ya san ruwa ruwa ne.

"Maikuɗi!" Tabawa ta ƙwalla daga jirgin baya. "Bisimilla!"

Aka ja janareto, ya yi tari, ya kama. Fitilun Giwa suka haska a ƙasan jirgi. Maikuɗi daga zaune ya miƙa ƙafa ya lalubi maɓalli, ya kaɗa jita. Abin da ya fito daga ƙahonnin Ɗanjuma, ni dai ban san sunansa ba. Kamar an taka wutsiyar jaki a cikin tanki. Balbelu suka tashi daga gaɓa, wata tsohuwa a jirgin amarya ta saki ƙwaryar turare a ruwa.

"Wanga na Amurka na!" Maikuɗi ya yi ihu. "Bari in sauya!"

Ya sake miƙa ƙafa, bai kai ba, gwiwarsa ta tokare da katako. Ya taka wani na kusa, jita ta koma kukan kwaɗi. Mata suka fara ƙyaƙyatawa. Ya ji wata na cewa ina ma Surajo. Wannan kalmar ce ta tashe shi. Na'urar da aka yi don ƙafa, ai sai a tsaye. Ya saki katako, ya miƙe.

"Zauna," in ji Sa'idu.

Bai zauna ba. Ya ɗaga ƙafa ya sauke ta a kan maɓalli kamar mai kashe kunama. Jirgi ya karkata hagu. Ya ja baya, jirgi ya karkata dama, janareto ya zame ya bi shi. Maikuɗi ya ga ruwa ya taso yana kallonsa ido da ido. Nan fa Tsawar Yauri ya manta da gilashi, ya manta da Tabawa, ya rungumi gorar makirufo, ya buɗe maƙogwaro iya ƙarfinsa:

"Wayyo Inna! Ban iya ruwa ba!"

Ƙafarsa na ta dabur-dabur a kan maɓallan, ta taka wani ja kafin ihun, ta sake taka shi bayan ihun. Sai ya tafi da baya, shi da jita, tsulum.

Ka tuna maɓallin da Almustapha ya ce in an taka, na'ura ta ɗauki abin da aka yi ta yi ta maimaitawa? To shi ne jan.

Maikuɗi yana ruwa, amma muryarsa tana jirgi. Ƙahonnin maganin basir, waɗanda aka saba jin su daga wannan ƙarshen kasuwa zuwa wancan, suka juya baki ga gungu suka fara aiki:

"Wayyo Inna! Ban iya ruwa ba! Wayyo Inna! Ban iya ruwa ba!"

Tsaf, garau, babu ko ƙura a muryar. A nan kam Giwa ta nuna ƙarfinta.

Gungu ya hautsine. Maza suka yar da abin da ke hannunsu suka ruga, a zatonsu jirgin amarya ne ya kife. Mata suka bar tukwane a wuta. Ango ya fito da babbar riga a hannu, liman ya fito ba takalmi. Tun da ake kai amare Gungun Ɗorawa ba a taɓa tara jama'a a gaɓa irin ta ranar ba, har marasa lafiya sai da aka riƙo.

Sa'idu ya sunkuya yana neman yadda zai rufe wa abin baki. Ya danna wani maɓalli da hannu. Maimakon Giwa ta yi shiru, sai gangar da ke cikinta ta tashi, dum-taka, dum-taka, ta hau kan ihun daram kamar tare aka haife su. Wata budurwa a jirgin amarya ta fara tafi. Ta biyu ta kama. Kafin ka ce kwabo jirgi duk ya ɗauka, masu bayarwa na cewa "Wayyo Inna," masu amshi na cewa "Ban iya ruwa ba!" Amarya da ke kuka a cikin lulluɓi tun daga Yelwa, sai ga kafaɗunta na girgiza, kuma ba kuka ba ne. Sa'idu ya kai hannu zai kashe janareto.

"Kar ka kuskura!" Tabawa ta daka masa tsawa. "Bar shi!"

Shi kuwa gogan naka yana can yana fama. Ido a rufe, hannu na dukan ruwa, ƙafa na harbi, yana kalmar shahada yana haɗiye ta da ruwa. Ya yafe wa Surajo, ya yafe wa Almustapha. Can ya ji an kama kunnensa, kamun da ya sani tun yana ɗan shekara biyar.

"Na'am," in ji Inna. "Ga ni. Kiran ya isa hakanan, duk gari sun ji."

Ya buɗe ido ɗaya. Inna ce tsaye a kansa, ta ɗan tattare zani, ludayin miya a ɗaya hannun. Ruwan ko gwiwarta bai rufe ba. A bayanta mutanen gungu ne jere cikin ruwa, Sarkawa 'ya'yan Sarkawa, waɗanda suka zo ceto, sun tsaya sun riƙe ƙugu suna kallon jikan Basarke yana iyo a kan yashi.

"Tashi tsaye, ɗan nema," ta ce. "Ka ɓata muna ruwan wanke-wanke."

Ya miƙe. Ruwa na zuba daga jita, gilashi ya tafi, wata 'yar ciyawa ta maƙale a kunnensa. Bayansa ƙahonni ba su fasa ba, gaɓa kuma ta kama rawa, mata na guɗa, an sauke amarya cikin waƙar da ba a taɓa kai wata amarya da ita ba.

Amma ka san Gwangwani. Ya matse riga, ya share fuska, ya tako har gaban Tabawa yana ɗiga.

"Hajiya," ya ce, "an ji ni ko ba a ji ni ba?"

"An ji ka," in ji Tabawa, tana share hawayen dariya da bakin gyale. "Wallahi an ji ka. Alkawari kaya na, bukukuwan bana duk na ba ka."

Maikuɗi ya fara kumbura. Ya juya ya dubi jama'a, ya ɗaga hannu zai yi magana.

"Sai dai," ta ce, "ran Juma'a muna da wata amaryar a Warra. Ka aiko muna da wagga na'urar da sassahe, kar ka taɓa mata komi. Kai ka zauna gida wurin Innarka, ruwan can da zurhi."